Bot Ɗin Marigayi Ya Daina Ciniki

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun da safe suna tambayar ko Malama za ta amsa kiran Alhaji Babba, to ta amsa. Ku gyara zama.

*

Ƙarfe goma sha ɗaya saura Malama ta shiga shagon tayil na Alhaji Babba, yayan mijinta marigayi. Rabonta da ganinsa wata biyar ke nan, tun ranar da ya aiko aka ɗauke kwamfutar mijin daga ɗakinta, ya ce dukiyar marayu ba ta zama a hannun macen da gobe za ta iya sake aure.

A bayanta yayarta ce, Anti Nas, ko farar rigar aikinta ba ta cire ba. A ƙofar asibiti Malama ta tare ta tana tashi daga aiki, ta roƙe ta rakiya. Duk tsawon hanya Anti mita take yi, wai me zai kai mutum wurin wanda ya wulaƙanta shi, su juya kawai. Malama ta ce dukiyar 'yan biyunta ce, ko ina aka ajiye ta sai ta je ta gani da idonta.

Ofishin yana can ƙuryar shagon, bayan kwalayen tayil da aka jera har rufi. Ɗan ɗaki ne mai ƙofar gilashi, fanka a tsaye tana kaɗa takardu, bango cike da samfurin tayil kala-kala. A kan teburin ga kwamfutar nan a buɗe. Har yanzu hoton malam-buɗe-littafin da 'yan biyu suka manna a murfinta yana nan, gefe ɗaya ya fara ɓantarewa.

Malama ta gaishe shi. Alhaji Babba ya amsa da ka, bai nuna musu kujera ba. Anti ta ja wa kanta ɗaya da ƙarfi ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

Akwai wani mutum a gaban kwamfutar, mai tabarau da ƙaton agogo. Mai gyaran waya ne a layin da ke bayan shagon, Farfesa ake ce masa. Ko ɗagowa bai yi ba.

Alhaji bai ɓata lokaci ba. Ya ce yau kwana tara bot ɗin bai sayi komai ba, bai sayar ba.

Bot ɗin nan manhaja ce a cikin kwamfutar, shi ke sa ido kan farashin kuɗin kirifto a kasuwar intanet. In farashi ya sauka ya saya, in ya hau ya sayar, ba sai mutum ya taɓa ba. Duk abin da marigayi ya tara a sana'arsa ta haɗa sola yana cikin asusun da bot ɗin ke juyawa. Tun da Alhaji ya ɗauko kwamfutar, kullum da safe sai ya leƙa ya ga jerin cinikin da aka yi, ya ji daɗi ya rufe. Yanzu kuwa kalma ɗaya ce a allon, ba ta motsi: JIRA.

"Daga gida kika kashe shi," in ji Alhaji.

"Da me zan kashe shi, Yaya? Kwamfutar tana hannunka."

"Ku mata ba a rasa ku da hanya."

Anti ta yi tsaki. Ta ce dama ta faɗa, ba gyara aka kira su ba, cin mutunci ne, Malama ta tashi su tafi. Alhaji ya ce da ita ba shi da magana, in allura ta zo yi ta koma asibiti. Suka yi ta musayar baƙar magana har wani mai sayen tayil ya leƙo ta gilashi ya koma.

Malama ta rabu da su. Ta tambayi Farfesa me da me ya taɓa.

Ya gyara tabarau ya fara lissafi. Ya canza na'urar intanet, an sayi sabuwa. Ya kashe kwamfutar ya kunna ya fi sau ashirin. Ya wanke ta daga ƙwayar cuta. A bincikensa dai, in ji shi, bot ɗin ya tsufa ne, akwai wani da yake sayarwa wanda ya fi wannan sauri, ya ma faɗa wa Alhaji farashin. Abin da kawai ake so daga wurinta shi ne ta tuna ko marigayi ya taɓa rubuta wata kalmar sirri a takarda.

"Tashi," in ji Malama.

Farfesa ya dubi Alhaji.

"Ka tashi daga kujerar nan, ka bar ni in duba."

Alhaji ya yi dariyar raini. Ya ce koyar da lissafi a makarantar 'yan mata daban, aikin Injiniya daban. Haka kowa ke kiran ƙanen nasa tun yana raye, Injiniya. Amma ya yi wa Farfesa alama da hannu ya ba ta wuri, don ta gwada ta ji kunya a gaban yayarta.

Ta zauna. Yatsunta suka ɗan tsaya a kan maɓallan, don harafin da marigayi ya fi bugawa da ƙarfi har ya goge. Sannan ta fara.

Intanet lafiya lau, tun farko ma ba shi ne matsalar ba. Ta faɗi haka ba tare da ta dubi kowa ba, Alhaji ya juya ya harari Farfesa da sabuwar na'urarsa.

Ta duba agogon kwamfutar. Ya yi gaba da awa ɗaya cur. Ta tambayi wanda ya taɓa shi. Farfesa ya ce shi ne, lokacin da yake gyare-gyare, amma agogo ai ba ya hana ciniki. Ta ce yana hanawa. Kasuwar ba ta karɓar odar da lokacinta ya saɓa da nata ko da 'yan daƙiƙu ne, balle awa guda. Ta mayar da shi daidai, ta sake tayar da bot ɗin.

Duk suka zuba wa allon ido. Ya ɗan yi rubuce-rubuce, ya koma inda yake. JIRA.

Farfesa ya yi murmushi. Alhaji ya ce to ga shi nan, malamar lissafi ta gyara agogo.

Malama ta ce agogon ɓarnar shekaranjiya ce, bot kuwa ya tsaya tun kwana tara, ke nan akwai wani abu a ƙasa. Ta buɗe mabuɗin da ke haɗa bot ɗin da kasuwar. Yana aiki, bai mutu ba, ba a soke shi ba. Izinin saye da sayarwa yana nan. Izinin cire kuɗi kuwa babu, dama tun asali ba a ba shi ba. Ta gwada tambayar farashi, kasuwar ta amsa nan take. Hanya a buɗe take, bot ɗin ne da kansa ya ƙi tura oda.

Anti ta duba agogon hannunta. Ta ce ita fa ta gaji, tun jiya take tsaye, kuma 'yan biyu sun kusa tashi daga makaranta. Tunda an gwada bai yi ba, a bar wa Alhaji kayansa ya ci gaba da fama. Malama ta ce ta ƙara mata minti goma.

Ta rufe allon da suka saba gani, ta buɗe wani baƙi mai ƙananan rubutu. Ta buga wasu kalmomi da sauri, ba ta duba takarda ba, ba ta tsaya tunani ba. Farfesa ya matso ya leƙa ta kafaɗarta. Ya tambaya ina ne nan, shi bai taɓa ganin wannan wurin ba. Ta ce nan ne bot ɗin ke rubuta duk abin da ya yi da dalilinsa, kowace rana, kowane minti.

"Wa ya nuna miki?" Alhaji ya tambaya.

Ta yi ta jan rubutun sama, kwana ɗaya, biyu, biyar, har ta kai na tara. Ranar Laraba, ƙarfe uku da minti goma sha biyu na rana. Nan ta tsaya.

Ta karanta sau biyu. Sai ta juya kwamfutar ta fuskanci Alhaji.

"Karanta da kanka, Yaya. Da Hausa ne."

Ya sunkuyo yana motsa leɓe, sannan ya karanta a fili, a hankali:

"An taɓa asusu ba da hannuna ba. Na tsaya, sai Malama ta duba."

Alhaji ya ɗago kai ya dube ta.

"Malama," Alhaji ya maimaita. "Me ya kawo sunanki cikin abin Injiniya?"

"Ni na rubuta shi."

"Kika rubuta me?"

"Bot ɗin gaba ɗaya. Shekara biyu ina yinsa bayan na tashi daga makaranta. Ƙanenka waya yake haɗawa da batir, bai taɓa rubuta ko layi ɗaya a nan ba. Shi ya zuba kuɗinsa, ni na zuba kaina."

Ta ce ita ta roƙe shi su bar mutane a kan cewa nasa ne, don ta san irin gidan da ta shigo. Da an ji matar gida ce ke juya dukiyar, da tuni an zuga shi ya janye. Kuma ita ta sa wannan dokar a ciki: duk ranar da kuɗin asusu ya ragu ba ta hanyar ciniki ba, bot ya kulle kansa, kada ya ƙara taɓa komai sai ta zo. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya yi.

Farfesa ya cire tabarau ya fara goge shi da gefen riga. Bai ƙara maganar sabon bot ɗinsa ba.

Alhaji kuwa ba maganar wanda ya rubuta ce ta tsaya masa ba. Ya tambaya me ake nufi da an taɓa asusu. Ta nuna masa layin da ke sama da wancan. Kafin ƙarfe uku asusun cike yake. Bayan minti goma sha biyu, kashi uku cikin huɗu babu. Ba faɗuwar farashi ba ce, ba asara ba ce. Cirewa aka yi, lokaci guda. Allon da yake leƙawa kullum jerin ciniki kawai yake nunawa, shi ya sa kwana tara yana kallon JIRA bai san an yi wa marayu sata ba.

Alhaji ya miƙe tsaye har kujerarsa ta bugi bango.

"Yanzu kika tona wa kanki asiri. Ke kika ƙera shi, ke kika san ƙofofinsa, ke kika kwashe."

"Kwamfutar a ofishinka take kwana, Yaya. Kai da wannan bawan Allah kuke taɓa ta."

Farfesa ya ɗaga hannu biyu ya ce shi a cire shi daga ciki, ranar Litinin aka fara kiransa, lokacin abin ya riga ya faru. Alhaji ya ce ya rufe masa baki. Ya koma kan Malama yana nuna ta da yatsa. Ya ce daga nan ofishin 'yan sanda za su wuce, kuma yau 'yan biyu a gidansa za su kwana, ba zai bar 'ya'yan ƙanensa a hannun ɓarauniya ba.

Anti ta miƙe ita ma. Ta ce wallahi ba wanda ya isa ya taɓa yaran nan, kuma ƙanwarta ba za ta ƙara minti ɗaya a wurin da ake kiranta ɓarauniya ba. Ta kama hannun Malama tana ja. Ta ce su je, in yana da hujja ya kai kotu, a can za a yi magana, ba a shagon tayil ba.

Malama ta zare hannunta.

"Anti, in na fita yanzu na amsa sunan."

Ta juya wurin Alhaji. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya saurara da kyau, don ba za ta maimaita ba. Bot ba ya iya cire ko sisi, ta nuna masa babu izinin. Kwamfutar nan ma ba ta iyawa. Wanda ya cire kuɗin sai da ya shiga asusun kansa a shafin kasuwar, kuma shiga yana buƙatar abu biyu: kalmar sirri, da wata lamba da kasuwar ke turawa ta saƙo zuwa layin wayar mai asusu. Kalmar sirri ta sani, ba ta musu. Layin kuwa na marigayi ne.

Alhaji ya ce ai kowa ya san wayar Injiniya ta ɓace ranar hatsarin, ba a same ta a mota ba, ba a same ta a asibiti ba.

Ta ce ta sani. Sau biyu ta je kamfanin waya don a dawo mata da layin, suka ce sai da takardar shaidar rasuwa da ta gado, kuma duk suna cikin durowar da yake jingine da ita yanzu. Sau biyu ta aiko a karɓa, ya hana.

"Wanda ke da takardun shi zai iya dawo da layi, Yaya. Ba ni ba."

Fuskarsa ta canza. Ya jawo durowar da ƙarfi, ya fito da ambulan mai ruwan ƙasa ya jefa a tebur. Ya rantse da Allah tun ranar da aka ba shi bai buɗe ba, ta duba ta gani, ko manne bakin ba a ɓare ba. Ta duba. Ba a ɓare ba.

Suka tsaya suna kallon juna, kowa ya rasa inda zai ajiye zarginsa.

Farfesa ne ya yi gyaran murya. Ya ce a shafin kasuwar akwai inda ake ganin irin wayar da aka shiga da ita da ranar da aka shiga, in Malama za ta iya buɗewa. Wannan karon ba ta kore shi ba.

Ta buɗe shafin, ta sa kalmar sirrin da ta sani, wadda ita da mijinta suka zaɓa tare. Aka ce ba daidai ba. Ta sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi. Ba daidai ba. An canza ta.

Anti ta ce to shi ke nan, hanya ta toshe, sai a bar wa hukuma. Ta rataya jaka a kafaɗa ta nufi ƙofa.

Malama ta danna wurin da ake cewa an manta kalmar sirri. Shafin ya rubuta cewa ya tura lamba zuwa layin da ke ƙarewa da huɗu da bakwai. Layin marigayi ne, ba a canza shi ba. Ta ce aƙalla yanzu sun san layin yana raye a hannun wani.

Wata waya ta yi ƙarar shigowar saƙo. Ba wanda ya kula, Alhaji na ta faɗin yadda zai sa a bi layin har inda yake, ko a ramin ɓera ne.

Shafin ya ƙirga daƙiƙa sittin ya ba da damar sake turawa. Farfesa ya ce ta ƙara dannawa, wani lokaci daga nan yake ba da wata hanyar ta daban. Ta danna.

Ƙarar ta sake fitowa.

Wannan karon Malama ta ji daga inda ta fito. Ba daga tebur ba, ba daga aljihun Alhaji ba. Daga bakin ƙofa.

Ta ɗago kai a hankali. Anti na tsaye, hannu ɗaya a kan mariƙin ƙofar gilashin, ɗayan ya danne jakarta a jikinta.

Malama ta mayar da idonta kan allon, ta jira daƙiƙa sittin ɗin nan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ma ya bi inda take kallo ɗazu da ido. Da lokacin ya cika, ba allon ta duba ba. Yayarta ta zuba wa ido, ta danna na uku.

Jakar ta yi ƙara.

"Saƙon wurin aiki ne," in ji Anti.

"Ba ni wayar."

"Ni kike tuhuma? Ni da na goya ki?"

"Ba ni wayar, Anti."

Alhaji ya zagayo tebur ya tsaya ya tare ƙofar da jikinsa. Anti ta dube shi, ta dubi ƙanwarta. Duk kaifin bakin nan da ta shigo da shi ya tafi. Ta buɗe jakar, ta fito da wayarta, amma ba ta miƙa ba. Daga inda take zaune Malama na hango hasken allon. Saƙo uku a jere, kowanne da lamba shida, duk a layi na biyu.

Malama ta tuna cewa ranar hatsarin a ɓangaren Anti a asibiti aka kwantar da mijinta. Anti ce ta kira ta. Anti ce ta miƙo mata agogonsa da makullin mota a cikin leda, ta ce waya kam ba a gani ba. Anti ce ta kwana bakwai a ɗakinta tana share mata hawaye.

Malama ta dubi yayarta.

"Kuɗin 'yan biyu, Anti. Yaran da ke kiranki Mama."

"Ban ci ko sisi ba."

"Kin cire masa layi yana kwance cikin jini?"

"Ban cire ba." Anti ta share fuska da bayan hannu, ta dubi ƙanwarta ido cikin ido. "Shi ya cire da hannunsa ya damƙa min, kafin ki iso. Ya faɗa min ranar da zan kwashe kuɗin, ya faɗa min wanda zan tura wa."

Alhaji ya tambaye ta wa ta tura wa.

Anti ba ta ko dube shi ba.

"Ya sa na rantse, ƙanwata. Ya ce kowa zai iya sani a duniyar nan, ban da ke."